Nauyi da Gudu: Bahasi a Kan Ƙaramar Jif Mai Lantarki

Tun daga lokacin da masu ƙera motoci na Turai da Asiya suka juya akalarsu zuwa ga lantarki, sun fito da wani jinsin mota wanda ya tara da'awa uku a jiki ɗaya: ga shi da siffar ƙaramar jif mai ɗan tudu wadda za ta ɗebi maigida da iyalinsa da kayansu, ga shi ba ya shan fetur sai caji, sa'an nan kuma, wadda ita ce da'awar da ta fi tayar da ƙura, an ce an yi shi ne domin mutumin da tuƙin kansa ne abin marmarinsa, ba isa inda za shi kaɗai ba. A kan da'awa biyun farko babu jayayya, domin ido yana gani. Ta ukun ce ta raba ma'abota tuƙi gida biyu, har aka wayi gari kowane ɓangare yana ganin ɗan'uwansa bai san daɗin mota ba. Kuma tun da yake mutanen ɓangarorin nan duka masu hankali ne, da yawansu ma sun ƙarar da ƙuruciyarsu tsakanin gareji da filin tsere, ya kamata a saurari hujjar kowa da adalci kafin a ce ga inda rinjaye yake.

Ƙa'ida ce a wurin malamai, idan za a yi bahasi a kan wata mazhaba, a nemi mafi ƙarfin dalilinta a fuskance shi, kada a tafi ga raunanan maganganun mabiyanta a ce an kayar da ita. Saboda haka, ko da yake motocin wannan jinsi sun yawaita, akwai Macan mai lantarki ta Porsche, da Mustang Mach-E ta Ford, da EV6 GT ta Kia, da A390 ta Alpine, na zaɓi in kafa maganata a kan Ioniq 5 N ta kamfanin Hyundai na Koriya ta Kudu, domin da ita masu goyon baya suka fi kafa hujja, kuma ita ce masu suka suka fi shan wuya wajen kushewa. An fara nuna ta a bikin motoci na Goodwood a Ingila cikin watan Yuli na 2023. Injin lantarki biyu gare ta, ɗaya a gaba ɗaya a baya, waɗanda idan suka haɗu sukan ba da ƙarfin doki 609, in kuma direba ya danna wani maɓalli a sitiyari su kai 650 na tsawon sakan 10. Daga tsaye cik takan kai gudun kilomita 100 a awa cikin sakan 3.4, iyakar gudunta kuwa kilomita 260. Batirinta yana ɗaukar yunit 84 na wuta, irin yunit ɗin nan da mita ke ƙirgawa a gidaje. Sashen da ya ƙera ta wani Bajamushe ne ya rene shi, Albert Biermann, wanda ya shafe fiye da shekara 30 a kamfanin BMW kafin Hyundai ta ɗauko shi a 2015, kuma a filin Nurburgring na Jamus, mai tsawon kusan kilomita 21 da yawan kwana da hawa da gangara, suke gwada motocinsu. A 2024 alƙalan gasar motocin duniya, waɗanda 'yan jarida ne daga ƙasashe daban-daban, suka ba ta kambin motar gudu ta shekara. Nauyinta, wanda shi ne adadin da za mu yi ta komowa gare shi, kimanin kilo 2,200 ne.

Kafin a shiga kawo hujjoji, wajibi ne a tsai da mahallin saɓanin, domin sau da yawa mutum biyu sukan kwana suna gardama alhali kowa da abin da yake nufi. Da a ce gudu kaɗai ake nema, da magana ta ƙare tun ba a fara ba, gama motar da ke kai kilomita 100 cikin sakan uku da 'yan kai ta wuce galibin motocin alfarma da aka yi tutiya da su shekara 20 da suka shige. Amma duk wanda ya taɓa riƙe sitiyari da so ya san abin nema ya fi haka zurfi. Dubi gwanin mahayi, irin wanda yakan sako doki da sukuwa ranar hawan salla har 'yan kallo su ɗauke numfashi, sa'an nan ya ja linzami ya tsai da shi cak a gaban sarki: abin da ke faranta masa rai shi ne, ta hanyar linzami da likkafa da cinyoyinsa yana jin abin da dokin ke shirin yi tun bai yi ba, dokin kuma yana gane nufinsa tun bai tsananta masa ba. Haka direba yake da motarsa. Tafin hannunsa yana gaya masa ko tayoyin gaba sun kama kwalta ko sun fara santsi, kujerarsa tana gaya masa ko bayan motar yana son zamewa, kunnensa yana gaya masa inda inji ya kai. To, mas'alar ita ce, ko mota mai tudu, mai nauyin tan biyu da ɗoriya, wadda ba ta da ƙara ta asali, tana iya yin wannan zance da direbanta.

Masu inkari da nauyi sukan fara, kuma lalle nan ƙarfinsu yake. Suka ce a duba tarihin motocin da suka koya wa duniya daɗin tuƙi, za a tarar kusan dukkansu marasa nauyi ne. Golf GTI ta farko, wadda Volkswagen ta fitar a 1976, ƙarfin doki 110 gare ta kacal, amma da yake nauyinta kilo 810 ne sai ta zama uwa ga zuriya guda ta ƙananan motoci masu zafi. Lotus Elise ta 1996 kilo 725 ce. Mazda MX-5 ta Japan, wadda aka ƙera fiye da miliyan ɗaya tun fitowarta a 1989, har yau nauyinta bai wuce tan ɗaya da kaɗan ba. Colin Chapman, wanda ya kafa Lotus, a kan wannan aƙida ya rayu, cewa ƙarin ƙarfi a miƙaƙƙiyar hanya kaɗai yake amfani, ragin nauyi kuwa yana amfani a ko'ina. Kuma wannan ba ra'ayi ne kurum ba, sunna ce da Allah ya ɗora halitta a kanta: duk abin da ke tafiya yana son ya ci gaba da miƙewa, gwargwadon nauyinsa gwargwadon taurin kansa, kuma babu abin da zai karkatar da mota a kwana sai tayoyi huɗu, kowace tana taɓa ƙasa da ɗan filin da bai fi tafin hannu da yawa ba. Idan aka aza wa waɗannan 'yan filaye huɗu kilo 2,200, tilas taya ta yi zafi ta cinye da wuri, tilas birki ya wahala, kuma domin a riƙe wannan lodi sai maƙera su ƙara wa shokozoba tauri, su faɗaɗa tayoyi, su ƙara wa sitiyari taimakon inji, alhali kowane ɗaya daga cikin waɗannan magunguna yana rage kaifin saƙon da ke isowa hannun direba.

Illar wannan nauyi a batir take, kuma lissafinta a fili yake. Lita ɗaya ta fetur tana ɗauke da ƙarfin da ya kai kimanin yunit 9 na lantarki, wato duk abin da ke cikin batirin Ioniq 5 N bai kai na lita 10 ba. Gaskiya ne injin fetur yana zubar da kusan kashi biyu cikin uku na abin da ya sha ta hanyar zafi da hayaƙi, shi kuwa injin lantarki yana amfana da kusan kashi tara cikin goma. Amma ko an yi wannan ragi, batirin da nauyinsa ya doshi rabin tan yana yin aikin fetur ne da bai wuce lita 30 ba, wanda yaro zai iya cicciɓa a jarka. Daɗin daɗawa, tankin fetur yana sauƙi yayin da ake tafiya, batir kuwa nauyinsa ɗaya ne ko a cike ko a wofi. Babu mai wannan jinsi da ya tsira: Macan Turbo mai lantarki kimanin kilo 2,400 ce, kuma kamfanin Lotus kansa, bayan ya koma hannun Geely ta ƙasar Sin a 2017, ya ƙera jif mai lantarki mai suna Eletre wadda ta nunka Elise sau uku da ɗoriya a sikeli. Masu inkari suna kallon wannan da baƙin ciki na gaske, kuma ina ganin baƙin cikinsu yana bisa hanya.

Masu goyon baya ba su musa nauyin ba. Abin da suka ce shi ne a tambayi inda aka ajiye shi. A galibin motocin fetur inji yana zaune ne a gaba, a sama, dunƙule guda mai jan hancin mota waje duk lokacin da aka shiga kwana. A motar lantarki kuwa an shimfiɗa batir a ƙarƙashin daɓe, tsakanin tayoyin gaba da na baya, ta yadda cibiyar nauyi ta sauko kusa da ƙasa kuma lodi ya rabu kusan daidai. Shi ya sa jif mai lantarki ba ta tangaɗi da karkata irin na jif mai fetur. Har wa yau, suka ce, injin fetur sai ya shaƙi iska, ya ƙona mai, ya tara juyi, wani lokaci ma sai an sauke giya, kafin ya amsa kiran ƙafa, shi kuwa injin lantarki da taka totur da amsawa ɗaya ne. In kuwa zance tsakanin mutum da mota ake nema, to wace amsa ce ta fi wadda ba ta da jinkiri? Da yake injin biyu ne, direba yana iya zaɓar rabon ƙarfi tsakanin gaba da baya yadda ya so, abin da a da sai an kwance mota a gareji. Wajen tsayawa ma, injin da kansa yakan juye ya zama janareta, ya riƙe motar yana mai da wuta cikin batir, har birki ya sami hutu a galibin tafiyar yau da kullum.

Sukan kuma kafa hujja da tarihi, domin su kore zargin cewa lantarki baƙo ne a fagen gudu. Mota ta farko da ta haura kilomita 100 a awa mai lantarki ce, wadda wani ɗan Beljiyam, Camille Jenatzy, ya tuƙa kusa da birnin Faris a 1899. A tseren hawan dutsen Pikes Peak na Amurka kuma, inda ake ƙarewa a tudun da ya haura mita 4,300, wurin da iska ta yi ƙaranci har injin fetur ya riƙa sheshsheƙa, motar lantarki ta Volkswagen ce, a hannun Romain Dumas, ta fara kai ƙololuwa cikin ƙasa da minti takwas a 2018. Sa'an nan suka ce, gani ya kori ji: 'yan jaridar da suka yaba wa Ioniq 5 N mutane ne da suka tsufa cikin ƙaunar injin fetur, kuma shaidar wanda ba a zaci zai yi shaida ba ta fi kowace nauyi a gaban alƙali.

Abin da na fahimta a wannan gaɓa shi ne, kowane ɓangare ya faɗi gaskiya, sai dai gaskiyar masu inkari ta fi daɗewa. Hikimar injiniyoyi ta iya ɓoye nauyi, har direba ya yi awa guda bai tuna da shi ba. Amma ɓoyewa daban, gusarwa daban. Ranar da aka yi ruwa kwalta ta jiƙe, ko aka shigo kwana da gudun da ya ɗara ƙima, ko yaro ya faɗo hanya ba zato, a nan kilo 2,200 za su bayyana gaba ɗaya, kuma babu kwamfutar da za ta roƙi taya ta ba da abin da ba ta da shi.

Mu zo ga mas'alar da ta fi kowace jawo ce-ce-ku-ce, wato giyar kwaikwayo da ƙarar kwaikwayo. Injin lantarki ba ya bukatar giya barkatai, guda ɗaya ta ishe shi tun daga tashi har iyakar gudu. Amma injiniyoyin Hyundai suka sa wa motar wani tsari wanda, idan an kunna shi, za ta riƙa yi kamar tana da giya takwas: akwai allura mai nuna juyin injin da babu shi, tana hawa har 8,000, akwai lasifika 10, takwas a ciki biyu a waje, masu fitar da rurin inji gwargwadon hawan allurar, in direba ya ja ɗan hannun da ke bayan sitiyari, kwamfuta takan yanke ƙarfi na ƙiftawar ido domin ya ji 'yar girgizar nan ta canjin giya a bayansa, in kuwa ya ƙi canzawa, motar takan tsaya a iyakar wannan giya ta ƙi ƙara gudu, daidai da yadda ta fetur za ta yi. Masu inkari suka ce wannan algus ne tsantsa, kuma iƙirari ne daga bakin maƙeran kansu cewa lantarki ba shi da rai, shi ya sa aka ara masa muryar wani.

A nan ban bi su ba, kuma dalilina daga ƙa'idar ciniki na ɗauko shi. Sharaɗin algus a wurin malaman fiƙihu shi ne a ɓoye aibi, ko a nuna wa mai saye abin da ba haka yake ba domin a ci dukiyarsa bisa jahilci. A nan kuwa babu abin da aka ɓoye: kamfanin ya faɗa a fili cewa kwaikwayo ne, mai mota yana kashe shi da maɓalli guda, kuma kowa ya san motar ta fi sauri idan an kashe shi. Wanda ya yarda ya rage gudun motarsa domin ya ƙara mata zance, ai shi ne ya fahimci mahallin saɓanin da muka tsayar tun farko. Bugu da ƙari, ƙarar nan tana da aiki ban da daɗin kunne. Direban da ke tunkarar kwana ba shi da sukunin duban allurar gudu, da kunnensa da lambar giyarsa yake auna inda yake, ya san wannan kwana ta giya uku ce, waccan ta biyu. Motar da ke tafiya shiru tun daga 40 har 200 ta ɗauke masa wannan ma'auni, kuma mai da masa shi maslaha ce bayyananna. Ya kamata kuma masu inkari su tuna tsarkin da suke karewa ya daɗe da gurɓata: tun 2011 BMW take sako ƙarar inji ta lasifika a cikin M5 mai fetur, totur na galibin motocin yau waya ce ke kai saƙonsa ga kwamfuta, kuma taurin da hannu ke ji a sitiyari injiniya ne ya rubuta gwargwadonsa.

Duk da haka akwai ragowar magana a hannunsu wadda ban iya ture ta ba. A giya ta haƙiƙa kuskure yana da sakamako: wanda ya saki kuloci da garaje mota za ta mutu a tsakiyar hanya, wanda ya sauke giya ba bisa ƙa'ida ba zai ji ta a aljihunsa a wurin bakanike, kuma wannan tsoron sakamako shi ne ya sa gwaninta ta zama gwaninta, ya sa direban da ya iya haɗa ƙafa da hannu yake da daraja a tasha. A giyar kwaikwayo babu abin da zai lalace, saboda haka babu abin da aka yi kasada da shi. Ban da wannan kuma, taƙlidi ne, sabon abu yana kwaikwayon tsoho maimakon ya nemi harshen kansa. Ina ganin halaccinsa halaccin larura ne, domin mutanen da kunnensu ya tashi da rurin inji. Abin da zan fi so in gani nan gaba shi ne ƙara wadda ke ba da labarin abin da ke faruwa da gaske, kamar yawan kamun taya da zafin batir, ba labarin fistin da ba a ƙera ba.

Batun siffar jif ba ya bukatar dogon bahasi, domin kasuwa ce ta kawo shi. Hukumar makamashi ta duniya ta ƙiyasta cewa a 2023 kusan rabin sababbin motocin da aka sayar a duniya jif ne, kuma tun da Porsche ta fitar da Cayenne a 2002, masoyanta suka yi ta Allah wadai, sa'an nan motar ta zama ɗaya daga cikin manyan hanyoyin samun kuɗin kamfanin, kowa ya koyi darasi. Akwai kuma uzuri na gaskiya: batirin da ke ƙarƙashin daɓe yana ɗaga kujeru sama, don haka doguwar mota ta fi sauƙin ɗaukarsa, kuma magidancin da ke da wurin ajiye mota ɗaya tak, ga mata ga 'ya'ya, ba zai sayi mai kujera biyu ba komai ƙaunarsa da ita. Masu inkari suka amsa da cewa ba a tauna taura biyu, kuma shaidarsu tana jikin motar: domin ta tuƙu yadda ake so sai da aka sauke ta da milimita 20, aka faɗaɗa ta da 50, aka ƙara mata walda a wuri 42, aka sa mata rim mai inci 21 da taya mai siririn gefe. Wato duk matakin da aka ɗauka zuwa ga daɗin tuƙi mataki ne na fita daga jifanci, har abin da ya saura ya zama babbar mota ce mai ƙofa biyar wadda ba za ta ji daɗin burji da gargada ba. Wannan amsa ta gamsar da ni.

Haka nan zangon tafiya. A gwajin Turai Ioniq 5 N tana cin kilomita 448 da caji ɗaya, alhali 'yar'uwarta mai inji ɗaya, da batir iri ɗaya, tana kai 570; a filin tsere kuwa kamfanin da kansa ya ɗauki zagaya Nurburgring sau biyu ba tare da ƙarfi ya ragu ba a matsayin abin alfahari. Ana iya mai da batirin daga kashi 10 zuwa 80 cikin minti 18, amma da sharaɗin a sami caja mai ƙarfin kilowat 350, wadda ba kowane gari ke da ita ba ko a Turai.

Sai dai mas'alar da ta fi damuna ɓangarorin biyu ba su cika tsayawa a kanta ba, domin dukkansu daga kujerar direba suke kallo, ita ce haƙƙin hanya. Hanya ta jama'a ce, da mai keke da mai tafiya a ƙasa da tsohuwar da ke tsallakawa duk suna da rabo a cikinta. Ƙarfin bugun mota yana nunkawa biyu idan nauyi ya nunka biyu, yana nunkawa huɗu idan gudu ya nunka biyu; to, a nan an haɗa nauyin da ya nunka na MX-5 da ƙarfin da a da sai direban tsere ake damƙa wa, aka sa su cikin motar kai yara makaranta, wadda a 2024 duk mai lasisi da fam 65,000 yake iya saya a Ingila. A da inji yana yi wa mutum gargaɗi da ihu da girgiza, kuma kafin ya kai ga mugun gudu sai ya bi ta giya uku ko huɗu, kowace tana ba shi damar ya sake tunani. Yanzu tsakanin nufi da aukuwa babu komai sai motsin ƙafa. Ba a banza Tarayyar Turai ta wajabta wa sababbin samfuran motocin lantarki, tun daga 2019, su riƙa fitar da ƙara a ƙaramin gudu domin masu tafiya a ƙasa ba. Kuma ba a banza mutanen Faris suka kaɗa ƙuri'a a watan Fabrairu na 2024 a nunka kuɗin ajiye manyan motocin baƙi sau uku, har da masu lantarki da suka haura tan biyu ba. Akwai kuma isirafi. Ma'adinan da aka zuba a batir mai yunit 84 sun isa a yi batir biyu irin na ƙaramar Renault 5 mai yunit 40, kuma kusan kashi 70 cikin 100 na ma'adinin kobal na duniya daga Kwango ake haƙo shi, a wuraren da wahalar masu haƙa ba ɓoyayya ba ce.

Masu goyon baya suna da amsa mai ma'ana, ba zan ɓoye ta ba. Suka ce mai sayen irin wannan mota, da ba ta ba, jif mai fetur zai saya mai ƙarfin doki 500 ko 600, mai nauyi kusan ɗaya, ga hayaƙi a kai. Kuma motar gudu ce ke sauya zukata, gama kafin Tesla ta fitar da Roadster a 2008, wadda aka gina bisa tsarin Elise ɗin nan, mutane suna ɗaukar motar lantarki abin tausayi ne. Na yarda da wannan a matsayin zaɓen mafi sauƙin sharri biyu. Amma wanda aka ba uzuri saboda ya fi wani dama-dama bai zama abin koyi ba tukuna.

Mu a nan ƙasashenmu wannan muhawara daga nesa muke jin ta, ko da yake ba mu rasa hannu a ciki ba: Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato, shi ya zana siffar Chevrolet Volt a kamfanin General Motors, kuma a zamanin da yake shugabantar hukumar ƙira da bunƙasa motoci ta Nijeriya aka fara harhaɗa Hyundai Kona mai lantarki a Legas a 2020, aka kuma buɗe wurin caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 2021. Amma caja ɗaya mai kilowat 350 ta fi ƙarfin wasu taransifomomin da ke ciyar da unguwa guda a garuruwanmu, kuma taya mai siririn gefe a kan rim mai inci 21 ba za ta ga daminar farko ba a hanyoyinmu. Lantarkin da zai amfane mu da wuri na Keke Napep ne da babur da bas.

In an tambaye ni inda rinjaye yake, sai in ce masu goyon baya sun ci shari'a a kan lantarki, masu inkari kuma sun ci a kan nauyi da tudu, kuma ta biyun ce za ta yi tasiri a kan abin da ya kamata a ƙera nan gaba. Magidancin da ya sayi Ioniq 5 N domin ita kaɗai gidansa zai ɗauka, ya kuma ajiye ƙarfinta domin filin da aka keɓe wa tsere, ban ga abin zargi a gare shi ba, kuma zai sami daɗi na gaskiya. Amma hanyar da na fi fata maƙera su bi ita ce wadda Alfa Romeo ta Italiya ta gwada da Junior Veloce a 2024: ƙaramar jif mai inji ɗaya a gaba, ƙarfin doki 280, batir mai yunit 54, da wata na'ura ta ƙarfe zalla tsakanin tayoyin gaba mai tura ƙarfi ga tayar da ta fi kama ƙasa, nauyinta duka kimanin kilo 1,590. Tana bukatar kusan sakan shida kafin ta kai kilomita 100, wato Hyundai za ta bar ta a baya nesa. Amma ta fi ta sauƙi da kilo 600, kuma direba yana iya taɓa iyakar ƙarfinta a hanyar dutse ba tare da ya kai gudun da zai hallaka wani ba. Tana da nata aibi, kuma babba ne: zangonta a gwajin Turai bai kai kilomita 350 ba, in an matsa mata kuwa ya ragu ƙwarai, don haka mai ita zai riƙa tsayawa caji a tafiyar da mai babban batir zai wuce abinsa, kuma kujerun bayanta ba za su ɗauki manya uku cikin walwala ba.